Sa'ar Jaz: Yadda Willis Conover Ya Karrama Makaɗan Amurka a Kunnen Duniya

Ranar 6 ga Janairu, 1955, gidan rediyon Muryar Amurka ya fara watsa wani shirin kiɗa cikin Turanci mai suna Music USA. Mai gabatar da shi Willis Conover ne, ɗan shekara 34, mai tabarau da kakkaurar murya, wanda har zuwa lokacin ba a san shi ba sai a birnin Washintan da kewaye. Ya riƙe shirin shekara 41, har rasuwarsa a 1996. A tsakiyar Yaƙin Cacar Baka, ƙiyasin da aka fi ambata ya kai masu sauraronsa miliyan 30 a Tarayyar Sobiyet da Gabashin Turai, wasu ma suna cewa miliyan 100 a faɗin duniya. Duk da haka, da zai tsaya a bakin titi a Niyok, da wuya a samu mai ɗaga masa hannu, domin an ware shirye-shiryen Muryar Amurka ne don ƙasashen waje tun daga dokar Smith-Mundt ta 1948, a lokacin ba a watsa su a cikin gida.

An sha ba da wannan labari a matsayin nasarar farfaganda, kuma akwai ƙamshin gaskiya a ciki: gwamnati ce ta biya kuɗin, kuma ta san abin da take nema. Sai dai farfaganda ta cika iska a wancan zamani, daga Washintan da Mosko da Landan da Bejin, kuma mafi yawanta an manta da ita. Abin da ya sa aka riƙe shirin Conover a zuci shi ne wata ɗabi'a mai sauƙin faɗi, mai wuyar ɗorewa. Ya ɗauki makaɗan jaz a matsayin gwanaye da suka cancanci a ambaci sunansu, a saurari aikinsu daga farko har ƙarshe, kuma ya ƙi mayar da su abin ado ga wani saƙon siyasa. Tarihin shirin yana nuna abin da rediyo ke iya yi wa fasaha idan ya girmama ta, yana kuma nuna inda wannan girmamawa take ƙarewa.

Inda busa ƙaho ya zama abin tuhuma

Jaz ya tsiro ne a birnin New Orleans da kewayensa a farkon ƙarni na 20, a hannun baƙaƙen fata jikokin bayi, daga haɗuwar waƙoƙin blues da na coci da kiɗan badujala. Tsarinsa shi ne makaɗa su amince a kan waƙa guda da saurin bugunta, sannan kowa ya samu zagayensa ya ƙirƙiri nasa nan take a kan wannan shimfiɗa. Saboda haka waƙa ɗaya ba ta fita iri ɗaya sau biyu, kuma sanin wanda ya busa ko ya kaɗa ya fi sanin sunan waƙar amfani ga mai sauraro. A riƙe wannan batu, domin a kansa aikin Conover ya ginu.

Kiɗan ya isa Rasha tun shekarun 1920, kuma tun farko hukuma ta rasa inda za ta ajiye shi. Ta wani gefe kiɗan waɗanda jari-hujja ta zalunta ne, ta ɗaya gefen kuma kiɗan gidajen rawa ne na masu kuɗi. A 1928 marubuci Maxim Gorky ya buga wata maƙala a jaridar Pravda inda ya kira shi kiɗan masu ƙiba, ya danganta shi da lalacewar tarbiyya. Duk da haka a shekarun 1930 an bar ƙungiyoyi irin ta Leonid Utyosov suka yi tashe, kuma lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, da Amurka take ƙawa, an yi ta kaɗa jaz ga sojoji.

Da yaƙi ya ƙare sai iska ta juya. Daga 1946 Andrei Zhdanov, na hannun daman Stalin a harkar al'adu, ya jagoranci yaƙi da duk abin da ke da ƙamshin Yamma. Ƙungiyoyin kiɗa suka cire kalmar jaz daga sunayensu, saksofon ya zama kayan da ake kallo da zargi. Eddie Rosner, mai busa ƙaho mafi shahara a ƙasar, an kama shi a 1946 yana ƙoƙarin komawa Foland, aka tura shi sansanin gwale-gwale a Magadan, can kuryar gabas, bai fito ba sai 1954, bayan mutuwar Stalin.

Hanin bai kashe ƙishirwar ba. Da yake faifan garmaho na Yamma ba ya samuwa, sai matasa suka koma kwandon sharar asibitoci suna tsinto tsofaffin hotunan ƙashi. A yanke hoton ya zama da'ira, a huda tsakiyarsa, sau da yawa da wutar taba, sannan a sassaƙa sautin a kansa da na'urar da aka harhaɗa a gida. Sautin ba shi da kyau, faifan ba ya daɗewa, kuma idan aka ɗaga shi a haske sai a ga haƙarƙarin wani bawan Allah. Mutanen da suka yarda su sayi irin wannan faifai a ɓoye su ne suka zama masu sauraron Conover na farko.

Yadda Washintan ta ankara

An kafa Muryar Amurka a 1942, ta fara magana da Rashanci a Fabrairun 1947, kuma ba a jima ba hukumomin Sobiyet suka fara dagula mata zango, wato su kunna na'urori masu tura ƙara a kan mitar da take watsawa har maganar ta nutse. Labarai da sharhi da harshen gida su ne abin da aka fi toshewa. Ana danganta shawarar yin shirin jaz na kullum da Charles Bohlen, jakadan Amurka a Mosko daga 1953 zuwa 1957, wanda ya ga yadda matasan birnin suke farautar kiɗan. Kafin nan tashar ta taɓa gwada wani shirin jaz da masani Leonard Feather ya gabatar a farkon shekarun 1950, amma bai ɗore ba.

An haifi Conover a Buffalo, jihar Niyok, ranar 18 ga Disamba, 1920. Ya fara aikin rediyo a ƙananan tashoshin jihar Maryland, ya yi aikin soja lokacin yaƙi, sannan ya zama mai sa faya-fayi a tashar WWDC ta Washintan. Babban birnin a lokacin birni ne na wariya, mai unguwannin baƙi daban da na farare, kuma Conover, wanda farar fata ne, yana cikin waɗanda suka riƙa shirya tarukan kiɗa da kowa zai shiga ya zauna inda ya ga dama. A 1953 Charlie Parker ya busa saksofon da wata babbar ƙungiyar Washintan da Conover yake gabatarwa, kuma sautin wannan dare yana nan a faifai har yau. Ke nan lokacin da gwamnati ta neme shi, makaɗan sun riga sun san shi, shi ma ya san su.

Ya karɓi aikin bisa wani tsari da ya zama ginshiƙin komai: ya shiga a matsayin ɗan kwangila, bai taɓa zama ma'aikacin gwamnati ba. Wannan ya hana shi fansho da sauran alfarmar ma'aikata, ya kuma bar masa ikon zaɓen abin da zai sa da abin da zai faɗa. Shekara da shekaru shugabannin tashar suna zuwa suna tafiya, jam'iyyu suna karɓar mulki suna saki, jerin faya-fayin yana hannun mutum ɗaya.

Abin da ake ji idan an kama tashar

Duk wanda ya tashi a gidan da ake murɗa akwatin rediyo ana neman BBC ko Muryar Amurka a gajeren zango ya san yanayin: sauti ya taso kamar igiyar ruwa, ya ja baya, wata tasha ta kutso, a ɗan karkata eriya a sake samunsa. Dalili shi ne igiyoyin gajeren zango suna tashi sama su daki wani rufi na sararin samaniya mai ɗauke da cajin lantarki, su dawo ƙasa a nisan dubban kilomita, kuma yanayin rufin yana sauyawa tsakanin dare da rana. Conover yana naɗar shirinsa a tef a Washintan, a aika shi ga tashoshin da ke ƙara tura sauti, ciki har da ta Tanja a Maroko, daga can ya tsallaka iyakokin da mutum ba ya iya tsallakawa. Hukumomin Sobiyet ba su cika ɓata ƙarfin na'urorinsu a kan shirye-shiryen Turanci ba, don haka sau da yawa kiɗan yana wucewa a daren da aka toshe labarai. Sun dai yi wata dabara: akwatunan da ake ƙerawa don kasuwar cikin gida, irin su Spidola ta birnin Riga, ba a sa musu mitocin da suka gaza 25 ba. Masu gyaran rediyo suka riƙa ƙara su a ɓoye.

Shirin yana fita dare shida a mako, kashi biyu: na farko sanannun waƙoƙin Amurka, na biyu jaz zalla, wanda aka fi sani da Sa'ar Jaz. Yana buɗewa da taken ƙungiyar Duke Ellington, "Take the A Train", wanda Billy Strayhorn ya tsara aka naɗa a 1941, mai ɗauke da sunan jirgin ƙarƙashin ƙasa da ke zuwa unguwar Harlem. Bayan 'yan daƙiƙu sai muryar ta shigo ta sanar cewa lokacin jaz ya yi.

Yana magana a hankali ƙwarai, yana raba kalmomi, yana barin sarari tsakanin jimloli. Ya san mai sauraronsa yana fama da ƙarar iska, kuma Turanci ba harshensa ba ne. Mutane da yawa a Gabashin Turai sun ce daga bakinsa suka koyi Turanci. A Oktoban 1959 tashar da kanta ta ƙaddamar da labarai cikin sauƙaƙƙen Turanci, masu taƙaitattun kalmomi kimanin 1,500, da ake karantawa a sannu.

Abin da yake faɗa kaɗan ne, kuma kusan duka sunaye ne. Zai faɗi sunan waƙa da wanda ya tsara ta, shugaban ƙungiya, mai fiyano, mai ganga, wanda ya busa zagaye na farko da wanda ya karɓa, wani lokaci har da shekarar da aka naɗi faifan. Ba ya surutu a kan kiɗa, ba ya yanke faifai a tsakiya. Yana tsara sa'ar yadda kowane faifai zai shirya kunne don mai bi masa, wani dare kuma ya sadaukar da shirin gaba ɗaya ga mutum guda, a bi aikinsa daga ƙuruciya zuwa girma. Ya yi hira da manyan makaɗa da mawaƙa, ciki har da Ellington da Dizzy Gillespie da Billie Holiday, kuma a 1956 ya zauna da Louis Armstrong na sa'o'i da dama suna sa faya-fayi, Armstrong yana ba da labarin kowanne. Ba ya sukar kwaminisanci, ba ya yabon shugaban ƙasarsa.

Hausawa suna cewa yabon gwani ya zama dole, amma yabo iri-iri ne. Akwai na kirari, wanda ake tara wa mutum siffofi. Na Conover na bayani ne: wane ne wannan, da wa ya yi aiki, a wace shekara, ga kuma aikin, saurara. A kiɗan da darajarsa take a hannun wanda ya ƙirƙira nan take, ambaton sunan mai gangar da ke zaune a baya shi ne mayar masa da haƙƙinsa. Ga saurayin da ke Leningrad ko Budafes, wanda bai taɓa riƙe kwalin faifai ya karanta bayansa ba, waɗannan sunaye su ne kaɗai littafin tarihin da yake da shi.

Makarantar dare

Da na'urorin tef suka yawaita a ƙarshen shekarun 1950, sai masu sauraro suka fara naɗar shirin, suna kwafa wa juna, suna rubuta sunayen yadda kunnensu ya jiyo. Masu koyon kiɗa suna maimaita zagaye ɗaya har su haddace shi. Ta haka shirin da aka yi don nishaɗi ya zama makaranta.

Valery Ponomarev, ɗan Mosko, ya ji busar Clifford Brown a Muryar Amurka, ya duƙufa kwaikwayonta. Brown ya rasu a haɗarin mota a 1956 yana da shekara 25, bai san an yi wani yaro a Rasha da zai ɗauke shi malami ba. Ponomarev ya bar ƙasarsa a 1973, kuma kafin shekarun 1970 su ƙare ya zama mai busa ƙaho a ƙungiyar Art Blakey, mai gangar da Brown da kansa ya taɓa yin aiki da shi. Adam Makowicz na Foland, wanda aka horar a kiɗan gargajiyar Turai, ya ji fiyanon Art Tatum a shirin, ya sauya hanya, ya ƙare a Niyok. A Kyuba, Arturo Sandoval ya sha ba da labarin yadda aka kulle shi na 'yan watanni lokacin yana aikin soja, saboda an kama shi yana sauraron jaz a Muryar Amurka. Ya haɗu da Gillespie a Habana a 1977, ya nemi mafaka a Amurka a 1990, kuma a 2013 aka ba shi lambar yabo mafi girma da shugaban Amurka ke ba farar hula.

Conover bai san girman abin da yake yi ba sai da ya je Warso a 1959. Foland ta ɗan samu sassauci tun 1956, shekarar da aka yi bikin jaz na farko a Sopot, bayan shekarun da makaɗa suke wasa a ɗakunan gidaje a ɓoye. Da jirginsa ya sauka ya hango cincirindon jama'a da furanni da makaɗa, ya zaci wani babban mutum ne a cikin jirgin. Shi ake jira. A 1967 ya halarci bikin jaz na Talin a Istoniya, wadda take cikin Tarayyar Sobiyet a lokacin, inda ƙungiyar Charles Lloyd, da matashi Keith Jarrett a fiyano, ta yi wasa bayan jami'ai sun yi ta jan ƙafa. Tarbar da jama'a suka yi musu ta tsorata hukuma, aka daɗe ba a sake irin wannan biki a birnin ba.

Daga waɗannan tafiye-tafiye yana dawowa da tef da faya-fayin makaɗan Foland da Cekoslobakiya da Hangari da Rasha, ya sa su a iska da irin ladabin da yake yi wa Ellington, yana ƙoƙarin furta sunayensu daidai. Har ya ware musu shiri mai suna Music with Friends. Makaɗin da hukumar ƙasarsa take yi wa kallon ɗan iska sai ya ji an ambaci sunansa daga Washintan, maƙwabtansa ma sun ji.

Tabon da ke gida

Conover yana da wani misali da yake yawan bayarwa idan an tambaye shi dalilin farin jinin jaz: makaɗa sun amince da ƙa'ida, a cikinta kowa yana da 'yancin faɗin nasa, kuma a ganinsa haka tsarin mulkin Amurka yake. Misalin yana da daɗin ji. Matsalarsa ita ce waɗanda suka ƙirƙiri kiɗan ba su da wannan 'yanci a ƙasarsu. A shekarar da shirin ya fara, 1955, aka kashe Emmett Till, yaro ɗan shekara 14, a Misisipi, kuma a Disambanta baƙaƙen fata suka fara ƙaurace wa motocin safa a Montgomery. Makaɗin da ake jin sunansa a Firag zai iya rasa otal ɗin da zai kwana a Alabama. Rediyon Mosko yana ba da waɗannan labarai dalla-dalla, kuma ba ya buƙatar ƙara gishiri.

Gwamnatin Eisenhower ta ga cewa jaz zai iya rage mata wannan kunya. A Nuwamban 1955 jaridar New York Times ta kira kiɗan makamin sirri na Amurka, kuma a 1956, bisa shawarar ɗan majalisa Adam Clayton Powell, Ma'aikatar Harkokin Waje ta tura Gillespie rangadi zuwa Iran da Pakistan da Labanan da Siriya da Turkiyya da Yugoslabiya da Girka, da ƙungiya mai baƙi da farare. Gillespie ya ƙi zama a koya masa abin da zai faɗa game da wariya, ya ce shi da mutanensa sun shekara 300 suna ɗaukar wannan darasi. A gida kuma wasu 'yan majalisa, musamman na Kudu, suna ƙorafin a kashe kuɗin haraji a kan abin da suke kira hayaniya.

A Satumban 1957, da gwamnan Arkansas ya sa dakaru suka hana ɗalibai baƙaƙe tara shiga makarantar sakandare a Little Rock, Armstrong, wanda aka sani da murmushi da kauce wa siyasa, ya fito ya zargi Eisenhower da baki biyu da rashin ƙarfin hali, ya kuma ce ba zai je Tarayyar Sobiyet da sunan gwamnati ba. Bayan shekara uku ya yarda ya zagaya Afirka. Ya iso Najeriya a Oktoban 1960, makonni kaɗan bayan samun 'yancin kai, kuma akwai hotonsa tare da Sardaunan Sakkwato, Sir Ahmadu Bello, a Kaduna. A ƙarshen watan ya isa Leopoldville a Kwango, aka ɗauke shi a kan karaga, alhali Patrice Lumumba yana tsare a gidansa a birnin. Binciken Majalisar Dattawan Amurka na 1975 ya tabbatar da cewa hukumar leƙen asirin CIA ta ƙulla makircin kashe Lumumba a daidai wannan lokaci. Masaniyar tarihi Penny Von Eschen ta bi diddigin waɗannan rangadi a littafinta na 2004, ta nuna yadda gwamnati da makaɗan kowa yake da tasa manufar a tafiya ɗaya.

Ido wa ka raina? Wanda nake gani yau da gobe. A 1965 alƙalan kiɗa na kyautar Pulitzer suka ba da shawarar a karrama Ellington saboda aikinsa na shekara 40, hukumar kyautar ta ƙi. A lokacin taken ƙungiyarsa ya shekara goma yana buɗe shirin da miliyoyi suke saurara a waje. Sai ranar 29 ga Afrilu, 1969, da ya cika shekara 70, Shugaba Nixon ya shirya masa liyafa a fadar White House, inda mahaifinsa ya taɓa yin aikin hidimar baƙi, ya ba shi lambar yabo. Conover ne ya tara makaɗan daren ya gabatar da su. An naɗi kiɗan, aka watsa shi ga ƙasashen waje, amma bai fito a faifai a kasuwar Amurka ba sai 2002. Ita kuwa Pulitzer ta karrama Ellington a 1999, shekara 25 bayan rasuwarsa.

Ladan kuturu

Kowa ya ci ladan kuturu, in ji masu magana, dole ya yi masa aski. To, Conover ya yi wa gwamnatinsa aski? Ya yi, ta fuska ɗaya. Shirun da ya yi game da siyasa ya haɗa da shiru game da Little Rock da Birmingham da Biyetnam, kuma sa'a guda ta kiɗa mai daɗi kowane dare tana wanke sunan ƙasa fiye da sharhi ɗari. Wanda ya kama tashar don jaz yana iya zama ya ji labarai. Jami'an Washintan sun fahimci haka, shi ya sa suka ci gaba da sabunta kwangilar. Akwai kuma masu ganin zaɓensa ya fi karkata ga salon da ya riga ya kafu fiye da kiɗan fushi da gwaji da ya taso a shekarun 1960.

Amma ribar da gwamnati ta samu ta dogara ne a kan abin da ba ta iya ba da umarni a yi ba. Mutanen Gabashin Turai sun ƙware wajen gane muryar da take son sayar musu da wani abu, domin da ita suke kwana suke tashi. Da Conover ya tsaya bayan kowane faifai ya ce ga shaidar 'yanci, da sun gane salon nan take, da shirin ya bi sahun sauran. Sun amince da shi ne saboda sun ji mutumin da kiɗan ya dame shi da gaske. Kuma abin da suka ɗauka daga wurinsa ya wuce abin da aka yi niyyar ba su. Sun koyi sunayen Parker da Monk da Mingus da Coltrane, daga baya suka nemi sanin su wane ne waɗannan mutane da irin rayuwar da suka yi, abin da ya kai su ga tarihin da babu ofishin farfagandar da zai so a tona. Sun kuma gina jaz nasu, na Foland da na Rasha da na Kyuba, wanda ba ya karɓar umarni daga kowa.

Ba za a ce shirin rediyo ne ya rushe katangar Balin a 1989 ba. Tattalin arziki da ƙungiyoyin ƙwadago da sauyin shugabanci a Mosko sun fi shi nauyi nesa ba kusa ba. Abin da za a iya tabbatarwa ya fi wannan ƙanƙanta: a ƙasashe da dama an samu zuriyar makaɗa da masu sauraro da suka san tarihin jaz faifai bayan faifai, kuma idan aka tambaye su inda suka koya, suna ɗaya suke ambata.

Conover ya ci gaba da naɗar shiri yana fama da ciwon dajin huhu, har ya rasu ranar 17 ga Mayu, 1996, a Alexandria ta jihar Bajiniya, yana da shekara 75. An ƙiyasta shirye-shiryen da ya yi sun kai 20,000. Takardunsa da wasiƙun masu sauraro da tarin tef ɗinsa suna ɗakin karatun kiɗa na Jami'ar North Texas a garin Denton, inda ake mayar da su zuwa kwamfuta ana ɗorawa a intanet. A yau duk faifan da ya taɓa sa wa, kusan ana iya samunsa a waya cikin daƙiƙa, da sauti mai tsabta da masu sauraronsa ba su taɓa mafarki ba. Abin da manhajojin kiɗa suka fi nunawa shi ne sunan waƙa da na shugaban ƙungiya. Mai son sanin wanda ya kaɗa ganga a wancan faifai na 1941, sai ya tashi ya nema da kansa: Sonny Greer ne, abokin Ellington tun zamansu na Washintan.